Tarihin Kalmar "Triple-Double" A Ƙwallon Kwando Da Rawar Da Ɗan Legas Ya Taka



Yawancinmu masoya ƙwallon ƙafa ne, don haka ba wanda za a tsaya yi wa bayanin "hat-trick". Sai dai ba kowa ya san cewa kalmar ba a filin ƙwallon ƙafa aka haife ta ba. Daga wasan kurket ta fito a Ingila, inda a shekarar 1858 wani ɗan wasa mai suna H. H. Stephenson ya fitar da abokan hamayya uku a jifa uku a jere, 'yan kallo suka yi karo-karo suka saya masa hula. Kowane wasa yana da irin waɗannan kalmomi nasa. A ƙwallon kwando, wadda ta fi kowace tashe ita ce "triple-double", kuma yanzu da matasanmu ke bin gasar NBA ta Amurka a wayoyinsu, kalmar ta fara yawo a bakinsu. Yau tarihinta za mu bi, domin Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan sunan ya ja wasan gaba ɗaya zuwa inda ba a zata ba.

ME KALMAR TAKE NUFI?

A kowane wasa akwai masu zama a gefen fili da takarda ko kwamfuta suna rubuta abin da kowane ɗan wasa ya yi. Manyan abubuwan da suke ƙirgawa guda biyar ne. Na farko maki. Na biyu cafke ƙwallon da aka jefa ba ta shiga kwando ba ta dawo. Na uku miƙa wa abokin wasa ƙwallon da ya zura nan take. Na huɗu ƙwace ƙwallo daga abokin hamayya. Na biyar kaɗe ƙwallon da abokin hamayya ya jefa kafin ta kai kwando. Don sauƙi, bari mu kira su maki, cafkewa, miƙawa, ƙwacewa da kaɗewa.

A Turanci, duk lambar da ake rubutawa da alƙaluma biyu, wato daga 10 zuwa sama, ana ce mata "double figures". Daga nan aka yanko kalmar ƙarshe. Ita kuma ta farko tana ƙirga fanni nawa mutum ya kai goma a cikinsu. Wanda ya kai goma a fanni biyu ya yi "double-double". A fanni uku, "triple-double". A fanni huɗu, "quadruple-double". Akwai kuma "five-by-five", wato ɗan wasa ya samu aƙalla biyar a dukkan fannonin biyar a wasa guda.

Dalilin da ya sa ake ganin girman abin shi ne, a al'ada aiki a rabe yake. Dogaye su ke tsayawa ƙarƙashin kwando suna cafkewa da kaɗewa. Gajeru masu zafin nama su ke rarraba ƙwallo da ƙwacewa. Wanda ya haɗa uku cikin minti 48 na wasa ya yi aikinsa ya kuma taɓa na wasu.

AIKI YA RIGA SUNA

Wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts. Gasar da ta zama NBA ta fara a 1946. Amma ba a fara ƙirga komai a rana guda ba. Maki da miƙawa tun farko ake rubuta su. Cafkewa sai a kakar 1950-51. Ƙwacewa da kaɗewa kuwa sai a kakar 1973-74. Mu riƙe waɗannan shekaru, za su yi mana amfani a gaba.

A kakar 1961-62, Oscar Robertson na ƙungiyar Cincinnati Royals ya kammala shekara da matsakaicin maki 30.8, cafkewa 12.5 da miƙawa 11.4 a kowane wasa. A wasanni 41 na wannan kaka ya kai goma a fannoni ukun. In aka haɗa kakanninsa biyar na farko aka raba, har ila yau yana sama da goma a kowane fanni. Amma a lokacin babu wata jarida da ta yi kanun labari da wannan, domin babu sunan da za a kira abin da shi. Idon jama'a yana kan Wilt Chamberlain, wanda a wannan kakar yake cin matsakaicin maki 50.4, har ya ci maki 100 shi kaɗai a ranar 2 ga Maris, 1962. Kambun gwarzon shekara kuma Bill Russell na Boston aka ba. Robertson na uku ya zo a ƙuri'a.

Kusan shekara ashirin aka yi a haka, alƙaluman suna kwance a cikin kundi ba wanda ya haɗa su ya gane abu guda ne.

RANAR SUNA

A 1979 ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauki wani matashi, Earvin Johnson, wanda duniya ta fi sani da Magic. Tsawonsa ya haura mita biyu, tsawon masu tsayawa ƙarƙashin kwando, amma aikinsa rarraba ƙwallo. Matsalar da masu tallata ƙungiyar suka fuskanta ita ce, Magic ba ya cikin masu yawan cin maki. A kakar 1981-82 matsakaicinsa maki 18.6 ne, cafkewa 9.6, miƙawa 9.5. Wanda ya duba maki kawai zai ce ɗan wasa ne kamar kowa, alhali wanda ya kalli wasan ya san shi ne ke juya filin. Ana buƙatar kalma guda da za ta nuna wa mai karanta jarida abin da mai kallo ya gani.

Mutum biyu ake danganta wa raɗa sunan a farkon shekarun 1980. Ɗaya Bruce Jolesch, jami'in hulɗa da jama'a na Lakers. Ɗayan Harvey Pollack, mai lissafin ƙungiyar Philadelphia 76ers, wanda ya yi aiki da gasar tun kafuwarta a 1946 har rasuwarsa a 2015. Shi ne ma ya rubuta 100 a kan farar takarda ya miƙa wa Chamberlain aka ɗauki hoton nan da ya yi suna. Ko wane ne ya riga, abin da kowa ya yarda da shi shi ne saboda Magic aka fara amfani da kalmar. Ya yi ritaya da guda 138, ban da 30 da ya yi a wasannin neman kofi.

Da suna ya samu, sai masu bincike suka koma tsofaffin takardu suna ƙirgawa. Nan aka gano Robertson yana da 181. Mutumin da ya ajiye wasa tun 1974 ya wayi gari yana riƙe da kambun abin da bai taɓa jin sunansa ba lokacin da yake yi. Shi kansa ya sha faɗa cewa a zamaninsu ba wanda ke lissafa irin wannan.

Amma ba kowa ya yi sa'ar Robertson ba. Russell da Chamberlain, waɗanda duk wanda ya gan su ya shaida ƙwarewarsu wajen kaɗe ƙwallo, sun bar wasa kafin a fara rubuta kaɗewa. Russell ya tsaya a 1969, Chamberlain a 1973. Don haka a kundin hukuma ko kaɗewa ɗaya ba su da ita a wasannin kaka. Abin da ba a rubuta ba, suna ba zai iya tono shi ba.

MUTUM HUƊU KACAL

Tun da aka fara ƙirga fannoni biyar ɗin, mutum huɗu ne kawai suka kai goma a fanni huɗu a wasan NBA guda. Nate Thurmond ya fara a ranar 18 ga Oktoba, 1974, a wasansa na farko da rigar Chicago Bulls: maki 22, cafkewa 14, miƙawa 13, kaɗewa 12. Alvin Robertson na San Antonio Spurs ya biyo baya a ranar 18 ga Fabrairu, 1986, kuma shi kaɗai ne ya cike na huɗun da ƙwacewa. Na ƙarshe shi ne David Robinson, shi ma na Spurs, a ranar 17 ga Fabrairu, 1994. Fiye da shekara talatin ke nan ba a sake ba.

Na ukunsu ɗan ƙasarmu ne. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a ranar 21 ga Janairu, 1963. Da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu ya fara, sai da ya zama saurayi ya taɓa ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston, kuma a 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Masana wasan suna danganta saurin ƙafarsa da iya kaɗe ƙwallo da horon da ya samu a raga.

Labarinsa na watan Maris 1990 ya cancanci a ba da shi dalla-dalla. A ranar 3 ga wata, a karawa da Golden State Warriors, ya tashi da maki 29, cafkewa 18, kaɗewa 11, ƙwacewa 5 da miƙawa 9. Guda ɗaya tak ya rage. Bayan an tashi, jami'an ƙungiyarsa suka sake kallon faifan wasan, suka ce sun ga wata miƙawa da ba a rubuta masa ba, suka gyara takarda ta koma 10. Hukumar gasar ta karɓi faifan ta duba da kanta, ta ce ba ta yarda ba, aka mayar da shi 9.

Kwana 26 bayan nan, ranar 29 ga Maris, a karawa da Milwaukee Bucks, ya samu maki 18, cafkewa 16, miƙawa 10 da kaɗewa 11. Wannan karon ba a buƙaci faifai ba, ba a buƙaci gyaran takarda ba. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Ba a nan ya tsaya ba. Shi ke riƙe da kambun kaɗewa a tarihin NBA da guda 3,830. Shi kaɗai ne ya taɓa haɗa kaɗewa sama da 200 da ƙwacewa sama da 200 a kaka guda, wato 1988-89. Ya yi "five-by-five" sau shida, fiye da kowa. Ya kuma ci kofi a 1994 da 1995. Duk lokacin da aka zo maganar ɗan wasan da ya iya komai, dole a ambaci sunan mutumin da ya tashi a titunan Legas.

LOKACIN DA SUNA YA FARA JAN 'YAN WASA

Robertson ya yi nasa bai sani ba. Waɗanda suka zo bayan an raɗa suna kuwa sun sani sarai, suna kallon allo suna ƙirga abin da ya rage musu. Nan ne kwaɗayi ya shigo.

A watan Maris 2003, Ricky Davis na Cleveland Cavaliers yana da cafkewa 9, saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, ƙungiyarsa kuma ta yi wa Utah Jazz nisa. Da aka ba shi ƙwallo, sai ya juya ya jefa ta a kwandon ƙungiyarsa da gangan don ta dawo ya cafke. Wani ɗan wasan Utah ya bangaje shi saboda haushi. Ba a rubuta masa cafkewar ba, ƙungiyarsa ta ci shi tara, kuma har yau in aka ambaci sunansa wannan ne ke fara zuwa a zuciyar mutane.

A watan Afrilu 2004, Bob Sura na Atlanta Hawks yana neman na uku a jere. Ya ɓarar da ƙwallo da gangan a daƙiƙar ƙarshe ya cafke. Washegari hukuma ta soke. Haka ya faru da Giannis Antetokounmpo, wanda aka haifa a Girka amma iyayensa 'yan Najeriya ne, a watan Maris 2023 a karawa da Washington. Hujjar hukuma a duka biyun ɗaya ce: jifan da ba a yi shi da niyyar ci ba, ba jifa ba ne, don haka babu abin da za a cafke.

Sai kuma Russell Westbrook, wanda ya raba kan masu kallo gida biyu. A kakar 2016-17 da Oklahoma City Thunder, ya zama mutum na farko bayan shekara 55 da ya maimaita abin da Robertson ya yi: maki 31.6, cafkewa 10.7, miƙawa 10.4. Ya yi guda 42 a wannan kaka, aka ba shi gwarzon shekara, kambun da Robertson bai samu ba a 1962 da alƙaluma kusan iri ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, a zamanin Westbrook abin yana da suna. Masu suka sun ce abokan wasansa dogaye suna janyewa su bar masa ƙwallo ya cafke don lissafinsa ya cika. Masu kare shi suka ce a duba sakamako: cikin wasanni 42 ɗin, ƙungiyarsa ta ci 33. Ya maimaita wannan matsakaici har kaka huɗu, ya wuce 181 na Robertson a ranar 10 ga Mayu, 2021, ya kuma kai 200 a watan Nuwamba 2024. Na uku a wannan sahu shi ne Nikola Jokic ɗan ƙasar Sabiya mai buga wa Denver Nuggets, a kakar 2024-25.

Abin da a da ake gani jefi-jefi, yanzu yakan haura ɗari a kaka guda in aka haɗa dukkan ƙungiyoyi. Wasan ya ƙara sauri. Ana yawan jifa daga nesa, irin wannan ƙwallo kuwa in ta daki ƙarfen kwando nesa take faɗawa, inda gajeru ke tsaye. Sannan masu horarwa sun koma damƙa ƙwallo a hannun tauraro guda, shi ke ci, shi ke bayarwa.

YADDA KALMAR TA BAZU A TURANCI

Daga takardar masu lissafi, kalmar ta shiga jarida, ta shiga talabijin, har ta samu gurbi a ƙamus irin su Merriam-Webster. Mawaƙin Amurka Ice Cube ya ambace ta a waƙarsa "It Was a Good Day" da ta fito a kundinsa na 1992, wanda ya nuna cewa cikin shekara goma kacal ta zama maganar kan titi da ba ta buƙatar fassara. Masu jin Sifaniyanci ma sun ara suka ce "triple-doble".

Ta kuma haifi 'ya'ya. In mutum ya kai ashirin a fanni uku, ana cewa "double triple-double", kamar yadda Chamberlain ya yi a 1968 da maki 22, cafkewa 25, miƙawa 21, Westbrook ya maimaita a 2019. Akwai ta zolaya, "triple-single", wadda tsohon ɗan wasa Charles Barkley ya yi ta tsokanar Draymond Green da ita, ma'ana bai kai goma a ko'ina ba. Abin dariyar shi ne, Green ɗin nan shi ne ya taɓa yin "triple-double" a 2017 da maki 4 kacal, ya cike goma-goma a cafkewa, miƙawa da ƙwacewa. A ɓangaren mata, Sheryl Swoopes ce ta fara yi a gasar WNBA a 1999, Sabrina Ionescu kuma ta yi guda 26 tana Jami'ar Oregon, adadin da ba namiji ko macen da ta kai a wasannin jami'o'in Amurka.

Sai dai mai koyon Turanci ya yi hattara, domin kalmomin suna da wata ma'ana a wasu wurare. A Kanada, in mutum ya shiga shagon Tim Hortons ya ce "double-double", kofi yake nufi mai madara biyu da sukari biyu, kamar yadda muke gaya wa mai shayi ya ƙara hannu. Wannan ma'anar ta shiga ƙamus ɗin Oxford na Kanada a 2004. A yammacin Amurka, a shagunan In-N-Out, sunan burodi ne mai nama biyu da cuku biyu. A wasan alkafura kuma, "triple-double" ɗin da Simone Biles ta yi a 2019 tsalle ne mai alkafura biyu da juyi uku a sama. Lafazi ɗaya, lissafi daban. A waɗannan wurare "double" na nufin biyu ne kawai, a ƙwallon kwando kaɗai take nufin goma.

ABIN DA TARIHIN YA NUNA

Goma ba ta da wata daraja ta musamman a ƙwallon kwando. Ba a ƙara wa ƙungiya maki don ɗan wasanta ya kai goma. Mun riƙe ta ne kawai don a nan lamba ke komawa alƙaluma biyu. In muka ɗora wasannin Hakeem biyu na Maris 1990 a sikeli, na ranar 3 ga wata ya fi nauyi: ya fi maki da 11, ya fi cafkewa da 2, kaɗewa kuma daidai suke. Amma na ranar 29 ne ya shiga tarihi, saboda miƙawa guda ɗaya. Wannan shi ne ƙarfin suna da kuma rauninsa. Ya fito da Oscar Robertson daga cikin tsofaffin takardu, ya sa an ga darajar mai yi wa wasu hidima a fili, ba mai cin maki kawai ba. Shi ne kuma ya sa babban mutum ya juya ya jefa ƙwallo a kwandon gidansu.

Masu sharhin wasanni a gidajen rediyonmu sun daɗe da nuna cewa Hausa ba ta rasa bakin magana. Su suka ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida, bugun kusurwa da satar gida, har suka zauna daram a bakin yaro da babba. Ƙwallon kwando na jiran irin wannan aiki, musamman yanzu da 'yan matanmu na D'Tigress suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024, karon farko da wata tawagar Afirka ta kai nan. Kafin masana su tsayar da kalma, mu dai muna iya cewa goma-goma a fanni uku, kowa zai gane. Wanda ya yi a fanni huɗu kuwa, mutum huɗu ne a tarihin NBA, ɗaya daga cikinsu namu ne.

Allah Ya sa mu dace, Ya bar zumunci.